Jirgin Rigasa da Sauyin Jadawali: Tambayoyi da Amsoshi Ga Matafiya

Wanda ya saba bin jirgin ƙasa tsakanin Kaduna da Abuja ya san tafiyar ba daga bakin tarago take farawa ba. Tun daga ƙofar gida take farawa, lokacin da mutum ya tsaya bakin titi da jakarsa yana neman keken da zai kai shi Rigasa, kuma ba ta ƙarewa sai ya sauke kayansa a masauki. Shi ya sa idan aka matsar da lokacin tashin jirgi ko da minti 40 ne, abin yakan taɓa mutanen da ko tikiti ba su saya ba. Waɗannan su ne tambayoyin da na fi ji a bakin abokan tafiya da 'yan uwa da masu keke, da amsoshinsu gwargwadon abin da zirga-zirga a wannan layi ta koya mini.

Wane layi ake nufi, kuma wa ke tsara lokutansa?

Sabon layin dogon da ya haɗa Rigasa, a ƙaramar hukumar Igabi, da Idu a Abuja. Tsawonsa kilomita 186 ne, kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya shimfiɗa shi, kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe shi ranar 26 ga Yulin 2016. Tsakanin manyan tashoshin biyu akwai ƙanana irin su Kakau, Rijana, Jere da Asham, sai Kubwa gab da shiga Idu. Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, NRC, ita ke tafiyar da shi, ita kuma ke fitar da jadawali. A kula kada a haɗa shi da tsohon siririn layin zamanin Turawa wanda ya isa Kano a 1911, wanda tasharsa ke cikin gari. Baƙo yakan ce wa mai keke "tashar jirgi" kawai ya tsinci kansa a inda bai nufa ba. Ka ce Rigasa.

Me ya sa jadawalin ke yawan sauyawa?

Dalili na farko yana kwance a ƙasa: layin ƙwaya ɗaya ne. Jirgin da ya taso daga Idu da wanda ya taso daga Rigasa kan dogo ɗaya suke tafiya, ba kuma inda za su wuce juna sai a tashar da ke da reshen kaucewa. Dole ɗaya ya raɓe ya jira ɗan'uwansa. Idan na Kaduna ya makara minti 20, na Abuja zai yi tsayuwar minti 20 a tsakiyar hanya ba da laifinsa ba. Saboda haka ba a taɓa lokacin jirgi ɗaya shi kaɗai. Da an matsar da wannan sai an matsar da wancan.

Na biyu, yawan kawunan jirgi da taragun da ke da lafiya. Jirgin da ya sauke ka a Rigasa shi ne zai kwashi masu tafiya Abuja bayan an share shi, an duba birki, an mai da kan jirgin ɗaya ɓangaren. Duk ranar da aka janye kai ɗaya ko jerin taragu ɗaya zuwa gyara, sawun da ake yi a rana yakan ragu nan take. An ga haka bayan jirgi ya kauce daga dogo a Asham ranar 26 ga Agustan 2025, inda aka dakatar da zirga-zirga na makonni kafin a dawo. Ko ba hatsari, an daɗe ana rage tafiya ranar Laraba domin duba jirage da layi.

Na uku shi ne gudu. Idan injiniyoyi suka ga wani sashe na dogo yana buƙatar lallaɓawa, ko damina ta taɓa ƙasar da ke ƙarƙashinsa, sukan umarci direba ya rage gudu a wurin. Minti goma a nan, minti biyar a can, sai tafiyar da aka saba yi cikin awa biyu da 'yan kai ta doshi uku. Jadawalin da aka gina kan tsohon gudu ba zai ƙara aiki ba.

Na huɗu, wanda ya fi kowanne nauyi a zuciyar mutanen Kaduna, tsaro ne.

To me ya hana a ƙara sawu da dare, tunda mutane na nema?

Harin da aka kai wa jirgin da ke zuwa Kaduna kusa da Katari ranar 28 ga Maris 2022 da dare aka kai shi. An rasa rayuka, an tafi da fasinjoji fiye da 60 cikin daji, kuma rukunin ƙarshe na mutum 23 bai fito ba sai 5 ga Oktoba. Jirgin bai dawo aiki ba sai 5 ga Disambar shekarar, fiye da wata takwas ke nan. Da ya dawo, an gina jadawalin ne a kan hasken rana. Ban ga laifin wannan ba ko kaɗan. A garin nan kusan kowa ya san gidan da abin ya shafa.

Amma hasken rana yana da iyaka, kuma lissafin mai sauƙi ne. A ɗauka tafiya ɗaya awa biyu da rabi ce, juyawa a tasha kuma awa ɗaya. Daga ƙarfe 7 na safe zuwa 6 na yamma awa 11 ne. Jirgi ɗaya zai yi tafiya uku cikin awa tara da rabi, ta huɗu kuwa za ta kai shi awa 13, wato cikin duhu. Ga shi rana ba ta faɗuwa lokaci ɗaya duk shekara: a watan Nuwamba a Kaduna ƙarfe 6 da 'yan mintoci ake kiran magariba, a Yuli kuwa sai kusan ƙarfe 7. Wannan ratar ta kusa awa guda, kuma ta isa ta sa sawun ƙarshe ya yi daidai da damina amma ya kasa da hunturu. A ganina ya kamata a riƙa fitar da jadawalin rani da na damina a sanannen lokaci, kowa ya san da zuwansu kamar yadda manomi ya san lokacin shuka.

Ina zan samu lokacin da ya inganta?

A shafin sayar da tikiti ko manhajar hukumar, sai kuma allon sanarwa na tasha. Tun Janairun 2021 ake sayar da tikitin wannan layi ta intanet, kuma lokacin da ke jikin tikitin ranar da za ka yi tafiya shi ne abin dogaro. Da gangan ban rubuta ƙarfe kaza da kaza a nan ba, domin rubutu yakan daɗe fiye da jadawali.

Na koyi wannan ne da wahala. Wata shekara zan raka gwaggona ganin likita a Abuja, tana fama da ciwon gwiwa, ba ta iya doguwar zama a mota. Da dare wani ya turo hoton jadawali a zauren WhatsApp na unguwarmu, ga tambari, ga layuka tsaf, babu dai kwanan wata a jiki. Na yarda da shi, na ce da safe ma sayi tikiti a tasha. Muka yi asuba, muka ɗauki shatar keke daga Tudun Wada, tana riƙe da ledar takardun asibiti a cinyarta, iskar hunturu na kaɗa mayafinta. Muna isa muka tarar da harabar tasha fayau, mai shayi na ɗauraye kofuna. Jirgin ya tashi tun da daɗewa. Hoton na watannin baya ne. Na ce, "Gwaggo, ki gafarce ni, ni na jawo." Ta ce, "Ba komai ɗan nan, haka Allah ya nufa. Ka dai kira su ka ji ko za su ba mu wata rana." Ranar da suka ba mu sai bayan mako uku. Tun daga nan, duk hoton jadawalin da ba kwanan wata a jikinsa ba na tura wa kowa, kuma ina roƙon mai karatu ya yi haka.

Yaushe ya kamata in bar gida?

Ka lissafa daga baya. Kana buƙatar isa tasha aƙalla awa ɗaya kafin tashi, domin akwai binciken kaya da tantance tikiti, kuma tun dawowar jirgi a 2022 ana haɗa tikiti da lambar katin ɗan ƙasa, don haka sunan da ke tikitin ya dace da shaidar da ke hannunka. A kan wannan awa sai ka ɗora hanyar unguwarku. Na Tudun Wada ko Kabala ta Yamma yana kusa. Na Malali, Unguwar Rimi ko Kawo sai ya ratsa gari. Na Barnawa ko Sabon Tasha sai ya haye kogi. Kusan duka a mahaɗar Bakin Ruwa ake haɗuwa, kan titin Nnamdi Azikiwe da manyan motoci ke bi, kuma tirela ɗaya ta lalace a wurin ta isa ta cinye maka rabin awa.

Su wa sauyin lokaci ya fi taɓawa?

Ma'aikatan da iyalinsu ke Kaduna aikinsu na Abuja su ne kan gaba. Rayuwarsu a kan sawu biyu take rataye: na safiyar Litinin da na yammacin Juma'a. Idan na Litinin ya koma tashi a makare, mutum ba zai isa ofis ba sai hantsi ya dubi ludayi, dole ya koma tafiya ranar Lahadi, ya rasa kwana guda cikin biyun da yake samu da 'ya'yansa. Idan na Juma'a ya koma tashi da wuri, sai ya zaɓa tsakanin barin aiki kafin lokaci da kwana a Abuja.

Bayansu akwai marasa lafiya masu ranar ganin likita, ta kowane ɓangare, domin kamar yadda ake zuwa asibitocin Abuja haka ake zuwa Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna da asibitin koyarwa na Shika. Akwai ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna lokacin komawa makaranta. Akwai mata masu saro kaya da ke son zuwa su dawo a yini ɗaya. Sai mutanen ƙananan tashoshin hanya, waɗanda ba kowane jirgi ke tsaya musu ba, kuma su ne aka fi mantawa da su idan ana rage tsaye-tsaye domin a gajarta tafiya.

Na sauka a Rigasa amma Zariya, Kano ko Kafanchan zan wuce. Wane sawu ya fi?

Na safe, ko na tsakar rana idan babu yadda za ka yi. Nan ne matsalar haɗa jirgi da mota ta fi fitowa fili. Jirgi da agogo yake tashi, motar tasha kuwa da cika take tashi. Ka sauka a Rigasa, ka nemi keke zuwa Kawo, ka tarar motar Kano saura mutum huɗu, kuma da yamma mutum huɗun nan sun fi wuyar samu. Zariya kusan kilomita 80 ce, ana iya kai wa ko da la'asar. Kano kuwa ta haura kilomita 200, wanda ya bar Kawo bayan magariba tafiyar dare zai yi. Mai zuwa Kachia ko Kafanchan sai ya tsallaka kudancin gari zuwa garejin Talbijin, kuma ba hanyar da zan shawarci kowa ya kama da duhu ba ce. Idan sawun ƙarshe kaɗai ka samu, ka shirya kwana a Kaduna tun kafin ka taso, ka sanar da wanda zai karɓe ka.

Akwai masu motocin da ke lodi a bakin tashar Rigasa kai tsaye zuwa wasu garuruwa idan jirgi ya sauke. Kuɗinsu ya fi na tasha, amma sukan rage maka zagaye. Ka duba motar da direban, ka tura wa wani naka lambarta.

Su masu keke da tasi, yaya suke sanin an sauya lokaci?

Na taɓa tambayar wani dattijo mai keke da ya saba kai ni. Ya ce, "Alhaji, ai mu fasinja ne jaridarmu. In mutum uku suka kira ni suka ce in zo ƙarfe kaza, na san an canja. In ba haka ba, sai dai mu ji ƙahon jirgi mu rugo." Ya ce akwai ranar da suka yi layi tun azahar suna jiran jirgin da aka riga aka soke, man da suka ƙona zuwa wurin ya tafi a banza, ga balas na mamallakin keken yana jiransu da yamma.

Maganarsa ta tsaya mini a rai. Mutanen nan su ne ƙafar jirgin a cikin gari. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, ba mai keken da zai je Rigasa da zato. Idan ba su san lokaci ba, fasinja ɗari-ɗari za su fito su tarar da keke goma, kuɗin hawa ya ninka, tsofaffi da masu goyo su rage a baya domin ba sa iya kokawar shiga. Masu keke da direbobi suna da ƙungiyoyi, suna da shugabanni a kowace tasha. Takarda ɗaya zuwa ga shugabannin nan mako guda kafin sauyi za ta rage rabin wannan wahala, kuma ba ta cin ko kwabo.

A Abuja, Kubwa zan sauka ko Idu?

Ya danganta da inda ka nufa. Mai zuwa Kubwa, Dutsen Alhaji, Bwari ko Gwarinpa ya sauka a Kubwa. Mai zuwa Jabi, tsakiyar birni ko filin jirgin sama ya wuce Idu. Idu ma bayan gari take kamar Rigasa, amma tana da abin da Rigasa ba ta da shi: jirgin cikin birnin Abuja yana tsayawa a wurin, ya nufi filin jirgin sama ta ɓangare ɗaya, tsakiyar birni ta ɗaya ɓangaren. An buɗe shi a Yulin 2018, ya tsaya lokacin korona a 2020, aka sake buɗe shi ranar 29 ga Mayun 2024. Sai dai ba hukuma ɗaya ke tafiyar da jiragen biyu ba, wancan na ƙarƙashin hukumar Babban Birnin Tarayya ne. Kowa da jadawalinsa, don haka ka duba na biyun kafin ka dogara da shi.

Zan iya haɗa jirgin ƙasa da jirgin sama a rana ɗaya?

Ana yi, amma ka bar tazara mai yawa, awa huɗu ko fiye tsakanin saukarka a Idu da tashin jirgin sama. In ƙasar waje za ka, ka tafi tun ana gobe.

An taɓa haɗa jadawalin jirgin nan da sauran ababen hawa kuwa?

An taɓa, kuma mutanen Kaduna shaida ne. A ranar 8 ga Maris 2017 aka rufe filin jirgin saman Abuja na mako shida domin gyaran titin sauka, aka karkato jirage zuwa filin jirgin Kaduna. A lokacin an tanadi motocin bas masu kwasar fasinjoji, an ƙara tsaro a hanya, jirgin ƙasa ya zama ɗaya daga cikin hanyoyin kai mutane Abuja. Hukumomi daban-daban suka zauna teburi ɗaya domin lamarin ya shafi manya da baƙin ƙasashen waje. Abin da aka iya yi na mako shida saboda baƙi, ana iya yin ƙaraminsa kullum saboda 'yan gida.

A wasu ƙasashen ma haka tsarin yake. Suwizalan tun 1982 take bin jadawalin da jirage ke tashi a minti iri ɗaya kowace awa, motocin bas kuma su iso tasha gab da zuwan jirgi su tashi bayan ya sauke. Yawancin ƙasashen Turai a watan Disamba suke babban sauyin jadawali, sau ɗaya a shekara, a sanar tun da wuri. Ba mu da yawan jiragensu, amma sanar da mutane a kan kari ba ya buƙatar sabon tarago.

Wace irin sanarwa ce ta dace idan za a sauya lokaci?

Sauyi iri biyu ne. Akwai na gaggawa, na hatsari ko tsaro ko lalacewar inji, wanda ba mai iya sanar da shi tun da wuri. A nan abin da fasinja ke buƙata saƙon waya ne nan take, tunda duk wanda ya sayi tikiti ta intanet ya bar lambarsa. Sai kuma wanda aka shirya, shi kuwa bai kamata ya zo wa kowa ba zato ba. Mako biyu ya isa ma'aikaci ya yi magana da shugabansa, marar lafiya ya sake rana.

Sanarwar ta ɗauki kwanan watan da za ta fara aiki da manyan baƙaƙe, a saman takarda. Ta fito da Hausa kamar yadda ta fito da Turanci. A karanta ta a rediyo, domin Kaduna garin rediyo ne, kuma akwai dubban matafiyan da ba sa buɗe Facebook amma ba sa rabuwa da akwatinsu. A liƙa ta a Kawo da Mando da garejin Talbijin, ba a Rigasa kaɗai ba. Kafin a yanke shawara kuma, a tambayi masu hawa. Ba sai an kira taro a otal ba. Ma'aikaci biyu su bi taragun Litinin da Juma'a da takarda a hannu, cikin mako biyu za su san abin da mutane ke so.

Juma'a, azumi da Sallah fa?

Sawun da ya faɗa tsakanin ƙarfe 1 da 2 da rabi ranar Juma'a yakan sa mutane cikin tsaka mai wuya, kuma ko ka sauka a lokacin, masu keke da yawa suna masallaci, wasu titunan ma a rufe. Da azumi kowa so yake ya sha ruwa a gida, sai sawun da ke isa kafin la'asar ya cika tun da wuri, wanda ya sauka gab da magariba kuma ya yi ta jiran abin hawa har a idar da salla. Kwanakin jajibirin Sallah da ƙarshen Disamba tikiti kan ƙare da zarar an buɗe sayarwa. A Disambar 2023, da gwamnatin tarayya ta mai da hawa jirgi kyauta na kwanakin bukukuwa, neman kujera ya ƙara tsanani. Ka sayi naka da wuri ta hanyar hukuma, ka guji 'yan cuwa-cuwar bakin ƙofa, domin tikitin da ba sunanka a jiki zai iya barin ka a waje.

Idan layin Kano ya kammala, me zai sauya?

An ƙaddamar da aikin layin Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 203 a Yulin 2021, kuma ta Zariya zai bi. Ranar da ya fara aiki, Rigasa za ta tashi daga ƙarshen layi ta zama mahaɗa. Mai zuwa Zariya ko Kano ba zai ƙara neman keken Kawo ba, wannan sauƙi ne babba. Amma lissafin hasken rana zai ƙara tsauri, domin tafiyar Abuja zuwa Kano ta kusa kilomita 390, kuma jinkirin da aka yi a Jere zai bi jirgin har Kano. Za a kuma yanke shawara ko jirgi ɗaya zai miƙe kai tsaye, ko kuwa fasinja zai sauka a Rigasa ya sauya. In sauyawa za a yi, tazarar da aka bari tsakanin jiragen biyu ta zama wadda za ta ishi tsohuwa mai ciwon gwiwa ta sauko da kayanta, ta yi alwala, ta yi salla, ta hau na gaba ba tare da an ja ta da gudu ba.